Tashin Dantokpa: Ina Filin Gudun 'Ya'yanmu?

Tun daga shekarar 2024 da aka fara buɗe sabbin kasuwannin zamani a unguwannin Kwatano, babu maganar da ta cika bakin 'yan kasuwa a Zongo kamar ta tashin Dantokpa. Lissafin kowa ɗaya ne: ina za a ba ni rumfa, nawa ne haya, kuma mai saye zai bi ni har Akassato? Wannan damuwa ce ta gaskiya, domin maganar abincin iyali ce. Sai dai akwai wata tambaya da ba mu ji ana yi a majalisunmu ba, wato me za a yi da wannan fili mai kusan hekta 20 da ke bakin ruwa, kuma shin 'ya'yanmu na da rabo a cikinsa?

Ga dalilin da ya sa muka tayar da zancen. Duk wanda ya yi lakwal a ƙasashen renon Faransa ya san abin da ake kira kuros, wato gudun da ake fitar da ɗalibai su yi a kan ciyawa ko yashi ko tabo, ba a kan shimfiɗaɗɗen filin wasa ba. A wurinmu an ɗauke shi abin rage lokaci, malami ya busa usur, a zaga gari, a watse. Amma a wasu ƙasashe wannan gudu ya zama gado, har akwai filayen da suka yi suna a duniya saboda shi.

A Ingila, makarantar Rugby tana da wani dogon gudu da ɗalibanta ke yi tun cikin shekarun 1830. A Amurka kuwa, akwai dandalin Van Cortlandt da ke unguwar Bronx ta birnin New York, inda aka shata hanyar gudu tun 1913. Duk watan Oktoba dubban ɗaliban sakandare ke taruwa a wurin su yi tseren kilomita 4 a cikin kurmi da tuddai. A jihar Kalifoniya ma, gasar Mt. SAC tana gudana tun 1948.

Idan mai karatu ya lura, ba gini ne ya ɗaukaka waɗannan wurare ba. Abubuwa uku ne: wuri ɗaya, lokaci ɗaya a kowace shekara, da littafin da ake rubuta sunan kowa da mintocin da ya yi. Da haka yaro kan auna kansa da ubansa, makaranta ta auna kanta da maƙwabciyarta. Mu 'yan kasuwa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Me ya sa Dantokpa ta yi suna har Kano da Maraɗi da Gaya? Saboda mai saye ya san inda zai same ka, yau da gobe da baɗi. Hanyar gudu ma haka take, in ana canza ta kowace shekara ba za ta taɓa tara tarihi ba.

Wani abin sha'awa shi ne yadda ake lissafin nasara. A makarantun Amurka ana haɗa lambar zuwan mutum biyar na farko daga kowace makaranta, wadda jimlarta ta fi ƙanƙanta ita ce ta ci. Ke nan ko kana da gwani guda da ya zo na ɗaya, in na biyar ɗinku ya yi sanyi, kun faɗi. Wannan darasin haɗin kai ne da yaro ba zai samu a kan allo ba.

Kada a ce abin na Turawa ne. A garin Iten na Kenya, wani malamin labarin ƙasa ɗan Ailan mai suna Colm O'Connell ya sauka a makarantar St Patrick's a 1976, ba tare da ya taɓa horar da masu gudu ba. Daga wannan makaranta Peter Rono ya fito ya ci zinare a gasar Olamfik ta 1988, kuma wannan malami ne ya horar da David Rudisha, wanda ya kafa tarihin duniya a gudun mita 800 a Landan a 2012. Haka nan a 2017, lokacin da aka yi gasar kuros ta duniya a Kampala, yaro ɗan shekara 16, Jacob Kiplimo, shi ya ci wa Yuganda zinare a rukunin matasa.

Gaskiya ne Iten tana kan tsauni mai tsawon mita 2,400, mu kuwa Kwatano a bakin teku muke, ga zafi ga gumi. Ba mu ce gobe za mu kamo Kenya ba. Amma Noélie Yarigo, 'yar Natitingou, ta nuna cewa ƙasar nan ba ta rasa ƙafa ba, domin a 2024 ta ci tagulla a gudun mita 800 a gasar duniya ta cikin ɗaki a Glasgow, tana da shekara 38. Abin tambaya shi ne, yara nawa irinta ke yawon aike tsakanin rumfuna da tashar mota, ba wanda ya taɓa riƙe musu agogo?

Ba mu raina ƙoƙarin hukuma ba. Bayan hawan Patrice Talon mulki a 2016, an ƙaddamar da aikin filayen wasa 22 a garuruwa daban-daban, an gyara babban filin Mathieu Kérékou da ke Kouhounou, an kuma shigo da shirin azuzuwan wasanni a makarantu. To amma filin wasa yana da ƙofa da mai gadi, kuma ba kowane ɗan Zongo ke da kuɗin zemijan zuwa can ba. A Parakou kuwa, gudun yada-ƙanin-wani da aka fara a 2008 ya nuna cewa in aka dage a kan wuri ɗaya da wata ɗaya, jama'a da kansu za su riƙe abin.

Mun san abin da wasu iyaye za su ce: gudu ba ya cika tukunya, kuma ana buƙatar yaro a shago. Amsa ita ce, kilomita 4 ba ta kai rabin awa ba ga yaro mai lafiya. In an fara bayan sallar asuba ranar Asabar, kafin kasuwa ta ci an gama. 'Yan mata kuma suna iya gudu da dogon wando da lulluɓinsu, ba tare da an saɓa wa tarbiyya ba. Abin da za a tsare shi ne a tanadi ruwan sha da ma'aikacin lafiya, a kuma duba takardar haihuwa, domin ƙaryar shekaru ita ke kashe wasannin makarantu a yankinmu.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu unguwanni, duk lokacin da suka zauna da hukuma kan makomar filin Dantokpa, su sa wannan buƙata a takarda: a bar hanya a bakin ruwa wadda ba za a gine ba, kuma ba za a sa mata kuɗin shiga ba. Fili a tsakiyar birni in ya tafi ba ya dawowa, kuma da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.

Kafin nan, kada mu naɗe hannu. Yashin bakin teku na Fidjrossè yana nan kyauta. Makarantun boko da na Islamiyya na Zongo suna iya tsayar da rana ɗaya a shekara, a auna hanya, a kafa tutoci, a sayi babban littafi. Kofi da takalma da littattafan kyauta ba su fi ƙarfin attajiranmu ba. Mu rubuta sunan yaron farko a shafin farko, jikokinmu su zo su tarar.