Mu Ne Birin da Ke Gaban Talabijin

'Yan uwa marubuta, wasunmu sun yanke wa faifan Roger Waters, Amused to Death na 1992, hukunci tun kafin su saurara: wai zagin addini ne kawai. Ba mu yarda ba. Waɗanda ya fi caccaka su ne masu fakewa da sunan Ubangiji don halatta kisa da tara dukiya.

Ku duba ginin faifan. Biri ne zaune gaban talabijin yana sauya tasha, shekara guda bayan duniya ta kalli Yaƙin Gulf kai tsaye a CNN. Marv Albert, mai sharhin wasanni, yana ba da labarin harin jirgin ƙarƙashin ruwa tamkar wasan ƙwallo. Amma da muryar Alf Razzell aka buɗe, da ita aka rufe: tsohon sojan Yaƙin Duniya na Ɗaya yana tuna Bill Hubbard, wanda dole ta sa ya bari a filin daga.

Mu da muke yaɗa hotunan gawarwaki muna jiran tsokaci, ina bambancinmu da birin? In za mu rubuta yaƙi, mu fara da sunan mutum ɗaya da wanda ke kukansa.