Kafin A Hau Babur Zuwa Tamale Cikin Hunturu

 

Tun da Disamba ta kama muka fara ganin alamun da muka saba gani. Hazo ya rufe sama, leɓɓa sun fara tsagewa, yara suna shigowa aji ƙafafu fari fat kamar an barbaɗa musu toka. Akwai kuma wata alamar, wato samarinmu na Aboabo da Asawase da Sabon Zango da suke ta kai babura wurin makanikai saboda tafiyar arewa. Lokacin bukukuwa ne, an gama girbi, makarantu za su yi hutu, ga kuɗin mota yakan hau idan Kirsimeti ta matso, sai yaro ya dubi babur ɗinsa ya ce me zai hana. Mu ba mu ce kada a je ba, don zumunta a ƙafa take. Abin da ya sa muka ɗauko maganar shi ne abin da ya sami wani tsohon ɗalibinmu a bara.

Yaron nan ya je ɗaurin auren abokinsa a Tamale, ya isa lafiya. Ranar komowa sai ya ce zai yi sammako domin ya iso Kumasi da sauran rana ya buɗe shagonsa. Ana sallame sallar asuba ya hau, daga shi sai 'yar shara da jallabiya, hannu babu safa. Hular kwano kuwa ya ɗaure ta a baya, wai ba ta shiga bisa hular sanyin da ya sa. Bai kai gadar Yapei ba garken shanu ya ratso titi. Allah Ya yi da sauran kwanansa, ƙashin kafaɗa ne ya karye, sai kuma fatar fuska da kwalta ta kwashe, amma wata uku shagon nan yana rufe. Da muka je duba shi muka tambaye shi ko gudu yake yi, ko barci ne ya fizge shi. Ya ce, "Wallahi Malam na hango su tun daga nesa, hannuna ne ya ƙi kama birki."

Wannan magana tasa ita ce muke so mu tsaya a kanta, domin yawancinmu mun ɗauki sanyi a matsayin wahala kawai, wadda namiji zai cije ya daure. Alhali kuwa a bisa babur sanyi ba ya tsayawa ga wahalar da mutum, hannunsa yake ƙwacewa, daga nan kuma ya taɓa hankalinsa. Ɗumin jikin ɗan Adam digiri 37 ne a ma'aunin zafi, kuma jiki yana tsaron wannan ɗumi matuƙa. Idan iska ta yi ta kwashe shi, sai jijiyoyin jini na hannu da ƙafa su tsuke domin a tara jini a ƙirji da ciki, inda zuciya da hanta suke. Shi ya sa yatsu ne suke fara sandarewa. To a babur, birkin gaba yana hannun dama, kuloci yana hannun hagu, birkin baya yana ƙafar dama. Wato wuraren nan da jiki yake fara janye wa jini su ne ainihin waɗanda ake tsayar da babur da su. Mai tafiya a ƙasa motsi yake yi, jikinsa yana ƙera ɗumi. Mai babur kuwa a zaune yake ƙyam, iska tana dukansa awa da awanni.

Bari mu yi ɗan lissafi irin na aji shida. Babur mai gudun kilomita 80 a awa yana cinye kusan mita 22 a cikin daƙiƙa ɗaya. Idan yatsu suka yi jinkirin daƙiƙa biyu kacal, an shafe mita 44 ba a taɓa birki ba, kusan rabin filin ƙwallo ke nan. Nan ne tsakanin a tsaya a bar shanu su wuce da a faɗa cikinsu. Idan sanyin ya ci gaba har ɗumin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, sai tunani ya yi nauyi, harshe ya riƙa harɗewa, mutum ya ji barci-barci, kuma abin tsoron shi ne shi kansa ba ya gane halin da yake ciki. Saboda haka duk wanda ya ji rawar ɗari ta kama shi a bisa babur, to ya sauka a gari na farko, ya sha abu mai zafi, ya yi ta tattaki har yatsunsa su dawo.

Yanzu sai maganar sammako, kuma mun san a nan wasu dattawanmu za su ɗaga gira. Mun taso mun tarar ana cewa tafiya ta safe ce, gaskiya ne kuwa. Kakanninmu fatake da suke zuwa Salaga sayen goro da rani suke tafiya, kuma madugu yakan tayar da ayari tun da duhu-duhu. Amma su da jakuna suke, a ƙafa, suna gudun zafin rana. Mai babur cikin hunturu lissafinsa dabam ne. Sanyi ya fi tsanani gab da fitowar rana, a lokacin ne kuma hazo da duhu suke haɗuwa, ga manyan motocin da suka kwana suna tafiya direbobinsu sun gaji. A watan nan rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe shida, tana kuma faɗuwa wajen shida na yamma. Daga Kumasi zuwa Tamale kusan kilomita 380 ne. Ƙaramin babur irin namu, idan aka haɗa da garuruwan da ake rage gudu da shingayen 'yan sanda, da wuya ya wuce kilomita 50 a kowace awa in an raba. Wajen awa bakwai da rabi ke nan a kan sirdi, a ƙara awa biyu na hutu da sallah da cin abinci. Wanda ya tashi ƙarfe bakwai zai shiga Tamale kafin biyar, da ranarsa. To me aka rasa don an jira gari ya waye? Wanda kuwa wani abu ya tsare shi har bai bar Kumasi ba sai hantsi, ya ƙudurta tun daga gida cewa a Kintampo zai kwana. Daga Kintampo zuwa Buipe daji ne mai tsawo, garuruwa jefi-jefi, kuma an sha jin labarin 'yan fashi a wannan yanki da dare.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne zuwa da komowa ba ɗaya ba ne. Kumasi cikin kurmi take, hunturunta mai sauƙi ne. Mai zuwa arewa yana barin gida da ɗan sanyi, ya wuce Offinso da Techiman, kafin ya haye Baƙin Volta a Buipe rana ta take, zafi ne ma zai dame shi. Sai ya isa yana cewa ashe abin ba wuya. Komowar ce take kayar da mutane, domin asubar Tamale ba irin ta Kumasi ba ce, ga gajiyar biki, ga rashin barci, ga ɗokin gida. Ɗalibin nan namu a nan ya faɗa.

Wannan kuma shi ya kawo mu ga tufafi. Tun da safe sanyi ne rana kuma zafi, riguna uku marasa kauri sun fi ƙatuwar kwat guda ɗaya, don ana iya tuɓe su ɗaya bayan ɗaya. Ta ciki ta kama jiki, ta tsakiya suwaita, ta waje kuwa wadda iska ba ta ratsawa. Suwaita ita kaɗai ba ta tsare komai a bisa babur, iska shiga take yi ta ramukan saƙar. Wanda ba shi da jaket ya ɗora rigar ruwa a sama, ko da babu hadari ko ɗaya, aikinta tare iska. Tsofaffin mahaya suna cusa takardar jarida a ƙirji tsakanin riga da riga, kuma dabarar tana aiki sosai. In wannan jaridar tamu ce ta zo hannu ba mu hana ba, amma don Allah a karanta ta tukuna. Safar hannu ita ce gaba da komai, ta fata ko mai kauri, wadda ta rufe wuyan hannu, kuma a gwada kama birki da ita tun a gida. Ana samunsu wurin 'yan gwanjo a Kejetia, kuɗinsu bai kai na cika tanki ba. Takalmi rufaffe da safa, ban da silifa. A shafa man kaɗe a leɓɓa da hannuwa da cikin hanci kafin a tashi.

Akwai wani abu da ya shafe mu mu Hausawa musamman, wato manyan kaya. Babbar riga da jelar rawani da mayafin mata, duk abin da yake lilo yana iya shiga sarƙa ko tayar baya ya fizgo mutum ƙasa. Kayan biki a naɗe su a jaka, in an isa a yi ado. In za a ɗauki mace ko ƙane a baya, a duba shigarsu kamar yadda aka duba ta mai tuƙi. Yara ƙanana kuwa, a ganinmu, ba su da abin yi a bisa babur a tafiya irin wannan. Jikinsu ya fi saurin yin sanyi, kuma barci yakan kwashe su ba a sani ba. A sa su a mota tare da uwarsu.

Hular kwano ba ta buƙatar dogon wa'azi. Dokar hanya ta ƙasar nan ta 2004 ta wajabta ta ga mai tuƙi da wanda aka goya. Wani nazari da likitoci suka tattara a 2008 ya nuna tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Cikin hunturu ma riba biyu ce, don mai gilashi tana tare iska da ƙura daga ido. A nemi siririyar hula da za ta shiga ƙarƙashinta, a ɗaure igiyar haɓa, a riƙe ƙyalle na goge gilashin.

Shi kuma babur, a kai shi wurin bakanike kwana biyu ko uku kafin tafiya, ba daren tafiya ba, domin in an taɓa wani abu ba daidai ba ya nuna kansa tun ana cikin gari. A canza baƙin mai, a duba birki gaba da baya, a ja sarƙa a sa mata mai. Ƙurar hunturu tana toshe soson da yake tace iskar inji, sai babur ya riƙa shan mai yana rasa ƙarfi, don haka a wanke shi ko a sake sabo. Iskar taya da safe ake aunawa kafin tayar ta yi zafi. Tayar da zanenta ya shafe a canza ta, ko da za a rage kuɗin gudummawar biki. Fitilar gaba a bar ta a kunne har da rana, domin cikin hazo ba don ka gani kaɗai ake kunna ta ba, don mai tirela ya gan ka ne. Fulogi guda, tiyub guda, famfo, sifana da filaya, ba su da nauyi. A cika tanki a Kintampo ko da bai yi ƙasa ba.

A hanya kuma akwai abin da ya keɓanta da wannan lokaci, wato gobarar daji. Idan hayaƙi ya rufe titi kada a kutsa da gudu, ba a san abin da yake tsaye a ciki ba. A rage gudu tun daga nesa, in ya yi kauri a sauka gefe can nesa da wutar a jira. Bayan kowace awa ɗaya ko ɗaya da rabi a tsaya a miƙe ƙafa, a sha ruwa ko ba a jin ƙishi, saboda busasshiyar iskar nan tana tsotse ruwan jiki ba tare da an ga gumi ba. Koko mai zafi da ƙosai kafin a tashi sun wadatar. Tuwo mai nauyi da tsakar rana kuwa barci yake kawowa.

Dole mu faɗi wata magana ko da ba ta da daɗi. Mun san akwai samarin da suke haɗiyar tramol kafin doguwar tafiya, wai don kada su ji sanyi ko gajiya. Ba ya hana jiki yin sanyi, ji ne kawai yake ɗaukewa, ga shi yana kawo jiri da barci, wani lokaci har da farfaɗiya. Mai shan barasa ma haka, yana jin ɗumi a fata alhali ɗumin cikinsa ne yake tsiyayewa waje. Iyaye da shugabannin majalisun shayi, ku ne kuka san waɗanda muke nufi, ku ne kuma za su ji maganarku.

Saura takardu: lasin, inshora, takardar lafiyar babur da katin asibiti, a sa su cikin leda a aljihun ciki. Waya a cika ta da caji, a tuna lambar neman agaji 112 ce. A rubuta sunan wani na gida da lambarsa a takarda a sa a aljihu, domin waya mai kulle ba ta gaya wa kowa ko kai ɗan wane ne. In da hali a tafi babura biyu. Game da sallah, tafiyar ta wuce nisan da ake yin ƙasaru, sai a tambayi malamai yadda ake yi da yadda ake haɗa azahar da la'asar, don kada a riƙa gudu da babur saboda tsoron lokaci zai fita. In an yi alwala da ruwan sanyi a goge hannu ya bushe sarai kafin a mayar da safa.

Shi ɗalibin namu ya warke, ya koma shagonsa, kuma mun ji bana ma akwai bikin da zai je a Walewale, gaba da Tamale. Mun aika masa da safar hannu ta hannun ƙanensa da yake ajinmu, muka ce a gaya masa Malam ya ce ya kwana biyu a can ya huta, ranar komowa kuma kada ya tayar da babur sai ya ga inuwarsa a ƙasa.

Allah Ya kai matafiya lafiya Ya komo da su lafiya. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.