Tashar da Ba Ta Isa Gida Ba

Ranar 31 ga Oktoba, 1996, aka buɗe tashar talabijin mai suna Teilifís na Gaeilge a ƙauyen Baile na hAbhann, cikin yankin Connemara a yammacin ƙasar Ayilan, domin ta yi wa jama'a magana da harshen kakanninsu, wato Gaeilge, wanda tsarin mulkin ƙasar ya ɗora a kan matsayin harshen hukuma na farko, alhali kuwa Ingilishi ya daɗe da danne shi a kasuwa da ofis. Ba a sami wannan tasha a sauƙaƙe ba, gama tun a 1987 wasu masu kishin harshen, da suka gaji da jiran alkawari, suka kafa na'urarsu a kan dutsen Cnoc Mordáin, suka watsa shiri ba da izini ba, don su kafa wa hukuma hujja cewa abin mai yiwuwa ne.

To, amma da aka buɗe tashar, sai wata mas'ala ta bayyana, wadda a ganinmu ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. A wancan lokaci tashar tana watsa shirinta ne a kan zangon UHF, gidaje masu yawa kuwa eriyar VHF ce a kan rufinsu, wadda suka saba kama gidan talabijin na ƙasa, RTÉ, da ita. Saboda haka magidanci yakan murɗa akwatinsa, ya hau rufi ya juya eriya gabas da yamma, bai sami kome ba sai hoto dishi-dishi da ƙara, har sai ya ciro kuɗi daga aljihunsa ya sayi sabuwa. Bugu da ƙari, yankunan da harshen ya fi rayuwa a bakin mutane, wato Connemara da Donegal da Kerry, wurare ne na duwatsu da kwaruruka, inda tsauni guda kan tare saƙo ya hana ƙauye sukutum gani. A Ayilan ta Arewa ma, inda masu son harshen suke da yawa, a lokacin galibi sai wanda ke kusa da iyaka yake kama ta, har yarjejeniyar sulhun yankin ta 1998 ta ambaci neman hanyar faɗaɗa ta a can.

Malaman usulu suna da ƙa'ida cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, to shi ma wajibi ne. Haka nan, hukumar da ta yarda cewa haƙƙi ne a kanta ta ba 'yan ƙasa talabijin cikin harshensu, lalle ta ɗauki nauyin isar da shi har ɗakin tsohuwar da ke bayan dutse, ta ƙara ƙananan turaku masu karɓar saƙo su miƙa shi cikin kwari, ta wayar da kan jama'a game da eriyar da ta dace, ta kuma tallafa wa wanda ba shi da hali.

Masu suka na wancan lokaci kuma, waɗanda ke ƙidaya masu kallo suna cewa an yi asarar dukiyar al'umma, ya kamata a ce sun yi adalci, domin ba a hukunta mutum da ƙin abin da bai taɓa isa gare shi ba. Kamata ya yi a ce an fara kai hoton ga kowane gida tukuna, sa'an nan aka yi lissafi.