Kun Kai Jarumanku Dubai, Yaushe Za Ku Kai Iyalanku Yusufari?

'Yan uwa marubuta, daga nan Kongo, Zariya, muke magana. Maganar yau za ta ɗan yi zafi, wanda ta taka wa ƙafa ya yi haƙuri.

Mun gaji da karanta hamadar da ba tamu ba. Duk littafin da aka buɗe a waya yanzu, da zarar an ɗaura auren jarumi da jaruma, sai a cusa su a jirgi a sauke su a Dubai, a sa su cikin ƙatuwar mota suna hawa tudun rairayi suna ihu, sannan a rufe babin da gasasshen nama a cikin tanti. Wasu ma sun wuce nan, sun fara kai iyali guda Amurka, wai suna zagaya gandayen hamada "a lokacin bazara, furanni na ta buɗewa, iska mai sanyi na kaɗawa". A nan ne asirin marubuci yake tonuwa. Wace bazarar ce mai iska mai sanyi?

Abin da ya faru a fili yake. Ƙamus ya ce wa marubuci sunan lokacin da Turawa ke fita daga sanyi shi ne bazara, shi kuma ya kwafa bai waiwayi tagar ɗakinsa ba. Su can, watannin Maris da Afrilu ne hamadarsu take da daɗin shiga, domin wuri irin Death Valley a Kalifoniya ba ya shiguwa a watan Yuli, wurin da aka taɓa auna zafin da ya haura digiri 56 a 1913. Mu kuwa Maris da Afrilu su ne tsakiyar wuta. A Nguru da Gashuwa zafi kan wuce digiri 40, rijiyoyi su ja baya, ga shi lokacin sanƙarau ne. Magidancin da ya ɗauki tsarin Ba'amurke ya kwashi mata da yara ya nufi rairayin Yobe a watan Afrilu, azaba kawai zai kai su su sha. Marubucin da ya rubuta hakan kuma ya nuna mana bai san shekarar garinsu ba, mai damina da kaka da hunturu da bazara, kowanne da itacensa da tsuntsunsa. Gawo yana zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani. Shamuwa ba ta zuwa sai ruwa ya kusa. Wanda bai san waɗannan biyun ba, me zai gaya mana game da saharar Larabawa?

Abin takaicin shi ne a wannan gari aka fara nuna mana hanya. Daga Kongo zuwa harabar Gaskiya tafiyar ƙafa ce. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilimi. Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Tun kafin su, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ratsa da mai karatu cikin sahara a Shaihu Umar. Kafin su duka kuma akwai Dorugu, yaron da ya bi Barth har Turai, wanda Schön ya rubuta labarinsa daga bakinsa da Hausa. Ashe rubutun tafiya tsohon gado ne a gidanmu. Yau a wannan zaure mai ɗimbin mambobi, a nuna mana mutum biyar da suka rubuta shafi goma a kan wata tafiya da suka yi da ƙafarsu. Labarin soyayya kuwa ko a daren nan za a tara ɗari.

To ga abin da muke kira a yi, kuma ba mafarki ba ne. Kowane marubuci mai hali ya zauna da iyalinsa su tsara tafiya guda a shekara, a mota, zuwa ɗaya daga cikin gandayen dajin da ke ƙasarmu. Mun ce da iyali da gangan. Mafi yawan masu rubuta ƙagaggun labarai a yau mata ne, kuma kowa ya san ba a barin Hajiya ko ƙanwarmu budurwa ta ɗauki jaka ta nufi Yusufari ita kaɗai. Idan maigida ko Yaya bai tsara tafiyar ba, ita ba za ta taɓa ganin wurin ba, sai dai ta ci gaba da kwafar hamada daga finafinan Indiya, mu kuma mu zauna muna zarginta da rashin bincike. Wannan zargin ba adalci ba ne matuƙar ƙofar gidan a rufe take.

Hamada ta gaskiya tana jihar Yobe. Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi kashi uku ne: Chingurmi-Duguma a Barno, fadamun Bade da Nguru, sai dausayin Bulatura a ƙaramar hukumar Yusufari. A Bulatura da Tulo-Tulo akwai tuddan rairayi waɗanda iska ke matsar da su, a ƙarƙashinsu kuma kwari ne mai ruwa da dabino da goruba, inda mutanen wurin ke haƙar kanwa. Kanwar da Inna ke jefawa a miyar kuka, da yawa ba su taɓa tambayar daga ina take fitowa ba. Hanyar daga Zariya ita ce Kano, Haɗeja, Nguru, Gashuwa. A kan hanyar akwai Dagona, matattarar tsuntsayen ruwa, inda tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai suke sauka su haɗu da namu irin su dinya da kirinjijiya da zalɓe. Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya zo har Dagona a 1989 don ya gan su. Mutum ya taso daga Landan ya zo, ɗan Zazzau kuwa bai ma taɓa jin sunan garin ba.

Lokacin wannan tafiya hunturu ne, daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, wato hutun makaranta na Disamba ya dace da ita. Tsuntsayen suna nan, rana ba ta kisa, sai dai a riƙe bargo da rigunan sanyin yara domin daren rairayi ba ya wasa, a kuma sa rai da hazo wanda kan rufe gari kwana biyu ko uku. Kada wanda ya yaudari kansa cewa Golf ko Sharon ɗinsa za ta hau rairayi. A ajiye ta a gari, a ɗauki hayar mota mai jan ƙafa huɗu da direban da ya san wurin, wanda ya san yadda ake rage iskar taya kafin a shiga yashi. A fara gaida Bulama ko Lawanin gari kafin a fito da waya ana ɗaukar hoto. A ɗauki ruwa fiye da yadda ake zaton za a sha. Marubuci ya lura da waɗannan ƙananan abubuwa, domin su ne ke bambanta wanda ya je da wanda ya ji labari.

Wanda kuma ba shi da sarari sai hutun Afrilu, to ya bar Yobe ya nufi Yankari a jihar Bauchi. A nan zafin bazara taimako yake yi, domin ciyawa ta bushe, ƙananan tafkuna sun ƙafe, dole namun daji su gangaro kogin Gaji su sha ruwa, sai ganinsu ya yi sauƙi. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a Disambar 1962, ya zama gandun ƙasa a 1991, sannan ya koma hannun gwamnatin Bauchi a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Daga Zariya ana bin Pambeguwa da Saminaka a ɓulla Jos sannan Bauchi, ko a zaga ta Kano da Ningi. Daga Bauchi a kama hanyar Gombe, a karya a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji, sannan a ƙara tafiyar sama da kilomita 40 a cikin daji kafin a isa masaukin Wikki. Ruwan Wikki yana fitowa daga ƙarƙashin dutse da ɗuminsa na digiri 31, dare da rana, rani da damina. Akwai giwaye da ɓauna da gwanki da gwambaza da mugun dawa, ga gwaggon biri da ba ya jin kunyar fizge ledar burodi daga hannun yaro. Yaron da ya ga giwa da idonsa ya daina ɗaukarta dabbar tatsuniya, uwarsa marubuciya kuma ta samu babi guda da ba wanda zai ce ta kwafo.

Mun san amsar da ke bakin mutane, kuma ba za mu raina ta ba. Za a ce tsaro. Gaskiya ne. Gandun Kamuku yana nan cikin jiharmu, a Birnin Gwari, an ɗaga shi zuwa gandun ƙasa a 1999, amma 'yan bindiga sun daɗe da mayar da wannan yanki abin tsoro, ba mai hankalin da zai ce a kai yara can don shan iska. Geidam da Kanamma, maƙwabtan Yusufari ta gabas, sun sha hare-haren Boko Haram. A Nijar ma, a Kure inda raƙuman dawa suke, an kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a watan Agustan 2020. Saboda haka ba mu ce kowa ya tashi da ka ba. A tambayi direbobin tasha, su ne suka fi kowa sanin halin hanya a wannan makon. A kira ofishin gandun. A yi tafiya da rana, a kwana a gari. Idan aka ce hanya ba kyau, a fasa a jira wata shekara. Sai dai mu lura da wani abu: wannan hujjar ta tsaro ba ta taɓa hana mu zuwa biki Gusau ko ta'aziyya Funtuwa ba. Mota cike da mata da yara da akwatunan lefe tana bin hanyoyin da suka fi hanyar Bauchi haɗari, ba wanda ya ce uffan. Sai an ce a je a ga ƙasa kawai ake tuna akwai ɓarayi.

Kuma labarin Kamuku hujja ce a gare mu. Shekaru da dama dajin yana buɗe, tafiyar 'yan sa'o'i daga Zariya, marubutan Hausa ba su je sun rubuta shi ba. Yau da ƙofar ta rufe, me za mu miƙa wa ƙannenmu su karanta a kansa da harshensu? Rahotannin kisa da satar shanu kaɗai. A Tenere ta Nijar akwai wata bishiya da ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar sahara, ayarin raƙuma na gane hanya da ita, har wani direban babbar mota ya banke ta a 1973. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai. Abin da duniya ta sani game da ita, mafi yawansa baƙi ne suka rubuta da Faransanci, alhali fataken da ke jin Hausa sun yi ta wucewa ta wannan sahara da gishirin Bilma. Rairayin Yusufari ma tafiya yake yi, yana binne gonaki da dausayi. Wurin da ba a rubuta ba yau, ba lallai a same shi yadda yake ba nan da shekara ashirin.

Za a kuma ce kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, cika tanki ya zama abin shawara, mun sani, mu ma a ƙasar muke. Amma a lissafa abin da gida ɗaya ke kashewa a anko da ɗinkin Sallah da data a shekara. Gida biyu za su iya haɗa kuɗin mai su shiga mota ɗaya. A yi dambun nama da soyayyen fura da ƙuli-ƙuli daga gida, kamar yadda iyayenmu ke yin guzuri, a bar sayen abincin hanya. A yi adashe na wata shida da sunan tafiyar. Ƙungiyoyinmu na marubuta da ke tara kuɗi a kama zauren taro a raba lambobin yabo ga mutanen da ba su karanta littafi ko ɗaya ba, me zai hana su ɗauki hayar bas guda sau ɗaya a shekara, mambobi su zo da iyalansu?

Masu cewa yawon buɗe ido ba al'adarmu ba ce kuwa, a tambaye su wa ya kafa zango a Kumasi da Salaga, wa ya kai goro Kano, wa ya taka zuwa Makka ta Sudan da ƙafa. Bahaushe bai taɓa zama mazaunin wuri ɗaya ba. Zaman ɗaki da waya a hannu shi ne baƙon abu.

Wanda duk ya ga Yobe da Bauchi sun yi masa nisa a bana, dutsen Kufena yana nan a bayan gari, Turunku ma ba ta da nisa. A kwashi yara ranar Asabar da safe, a riƙe littafin rubutu da biro, a tambayi tsofaffin wurin sunan kowace bishiya da aka wuce. Wanda ya je ya rubuto mana shafi biyu, da sunan hanyar da ya bi da abin da ya kashe a mai, za mu karanta shi a nan mako mai zuwa in Allah ya kai mu.