Idan kotu ta ce a'a: darasi daga Dakar da Yamai

 

'Yan'uwa, a ranar 3 ga Fabrairun 2024 shugaban Senegal Macky Sall ya ɗage zaɓen da aka shirya yi ranar 25 ga watan, majalisar dokoki kuma ta tura shi zuwa Disamba. Ranar 15 ga Fabrairu Majalisar Tsarin Mulki ta soke matakin. Shugaban ya bi hukuncin, aka yi zaɓe ranar 24 ga Maris, Bassirou Diomaye Faye, wanda kwana goma kafin nan yana kurkuku, ya yi nasara.

Mu a Nijar wannan labari ya tuna mana da tazarce. A 2009 wa'adin marigayi Tandja Mamadou na biyu yana gab da cika, kundin 1999 kuma ya hana na uku. Kotun Tsarin Mulki ta ce ƙuri'ar raba gardamar da yake nema ta saɓa doka. Sai ya rusa majalisa, ya rusa kotun, aka yi ƙuri'ar ranar 4 ga Agusta. Ranar 18 ga Fabrairun 2010 sojoji suka kifar da shi, suka jingine kundin baki ɗaya. Tambaya ɗaya aka yi wa shugabannin biyu, amsarsu ce ta bambanta, makomar ƙasashensu ma ta bambanta.

Wasu ɗalibanmu na ganin tsarin mulki kayan aro ne daga Faransa. Gaskiya ne siffar kundin daga can ta zo, amma tushensa, wato mai mulki yana ƙarƙashin doka, mu ba baƙo ba ne gare mu. Sayyidina Abubakar, a huɗubarsa ta farko, ya nemi jama'a su gyara shi idan ya karkace, ya kuma ɗaure biyayyar da za a yi masa da biyayyarsa ga Allah da Manzonsa. Lokacin da aka nemi sassauci ga wata mata 'yar babban gida daga Banu Makhzum, Annabi (SAW) ya ƙi, ya bayyana cewa abin da ya halaka mutanen da shi ne ƙyale babba da hukunta mai rauni. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Ali, yana halifa, ya tsaya gaban alƙali Shuraihu kan rigar yaƙinsa, hukunci bai ba shi ba, ya karɓa.

Kundin tsarin mulki ba wahayi ba ne, ana iya gyara shi. Amma alƙawari ne da shugaba ya yi rantsuwa a kansa, cika alƙawari kuma wajibi ne. Wanda ya sauya ƙa'ida don amfanin kansa ya ci amana, ko da ya gina hanyoyi da rijiyoyi.

Nauyin bai tsaya kan shugabanni ba. A 2009 daga cikinmu aka samu masu yi wa tazarce gangami, a 2010 kuma daga cikinmu aka samu masu tafa wa sojoji. Idan muka yarda a taka doka yau saboda namu ne a sama, gobe da wa za mu kai kuka?

Allah Ya ba mu shugabanni masu tsoronsa, Ya sa mu zama masu faɗa musu gaskiya.