Wuƙar Soja Ba Kayan Hostel Ba Ce

'Yan'uwana ɗalibai, wani yayi ya shigo makarantar nan, kuma na ga kowa ya yi gum. Samari ke sayen wuƙar nan mai kube da ake ce wa wuƙar soja, a jera ta a kan katifa kusa da agogo da makullin babur, a ɗauki hoto a watsa a WhatsApp. Wasu ma abin ya wuce hoto, tana cikin jakar goyo tare da littattafai da kalkuleta, da ita ake shiga lakca. In ka yi magana a ce maka gari ya lalace, kowa ta kansa yake yi.

Ni ina da irin wannan wuƙa, kuma ina son abata. Ra'ayina a kanta shi ne: duk mai aikin yi da ita ya mallake ta, ya koyi kula da ita, ya bar ta a gida ko a inda aikin yake. Wanda ya shigo da ita ɗakin kwanan ɗalibai kuwa ya jawo wa kansa da abokan kwanansa haɗarin da ya fi wanda yake gudu.

Bari mu fara da asalinta, don yawancin masu yin hoto da ita ba su san labarin ba. Wadda ake kwaikwayo ita ce Ka-Bar, wuƙar da rundunar sojan Amurka ta Marine ta amince da ita a ƙarshen 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Tsawon ruwanta inci 7 ne, wajen santimita 18 ke nan, mariƙinta kuma da'irorin fata ne aka jera aka matse. Kamfanin Camillus da kamfanin Union Cutlery na garin Olean a jihar New York suna cikin waɗanda suka ƙera ta, kuma tambarin da Union ke bugawa a jikin tasa shi ya zama sunan da ya bi ta har yau. Me ya sa aka ƙirƙiro ta? Saboda wuƙaƙen faɗa da sojojin ke da su kafin nan ba su da amfani a aikin yau da kullum. Soja na bukatar abin buɗe gwangwanin abinci da akwatin kaya, abin yanke igiya da saiwa, abin tona ɗan rami. Shi ya sa a sunanta na hukuma ma aka haɗa faɗa da aiki. Wanda ya je filin daga da ita ya fi yawan amfani da ita a matsayin kayan aiki, amma mu da ke karatun difloma muna so mu mai da ita makamin zuwa kanti.

Ragowar zuzutawar daga fim ta zo. A 1982 aka saki fim ɗin Rambo na farko, da wuƙarsa mai haƙoran zarto a baya da rami a cikin mariƙi. Daga nan kasuwa ta cika da jabu. Irin su ne ake tallatawa yanzu a intanet, masu ƙyalli kamar madubi. Kwarin nan da ke jikin ruwan wuƙar, wanda ake cewa wai hanyar jini ce, an yi shi ne don rage nauyin ƙarfe. Mai rami a mariƙi kuwa, in ta arha ce, ƙusa ɗaya ke riƙe da ruwanta, kana ɗan sara itace sai ta rabu biyu.

Injiniyancin kanikanci nake karantawa, don haka ku yi mini uzuri in ɗan shiga batun ƙarfe. Ka-Bar ta asali da ƙarfen da ake kira 1095 aka yi ta, wato mai sinadarin kabon kusan kashi 0.95 cikin ɗari. Wannan kabon shi ke ba ta damar yin tauri da riƙe kaifi. Ana gasa ƙarfen har wajen digiri 800 a ma'aunin Salsiyos, a tsoma shi cikin mai ya huce farat ɗaya, sannan a sake ɗumama shi a wajen digiri 200 don kada ya yi gautsi ya karye kamar gilashi. Illarsa ɗaya, yana tsatsa da wuri. Ƙarfen da ba ya saurin tsatsa sai ya ƙunshi sinadarin kuromiyom aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, kuma 1095 bai da wannan.

Maƙeranmu sun san wannan aiki tun kafin a rubuta mana shi a allo. Tawa wuƙar wani maƙeri ne a garinmu ya yi mini ita da tsohon sifirin mota, baduku ya ɗinka mata kube. Na tsaya a kansa ina kallo, da launin ƙarfen kawai yake gane lokacin tsoma shi, mu kuwa a aji an koya mana cewa maganaɗisu na daina kama ƙarfe a wajen digiri 770. Ƙarfen nata ya miƙe tun daga tsini har ƙarshen mariƙi, abin da ya kamata duk mai saye ya fara dubawa ke nan. Tana gida cikin akwatin kayan gona mai kwaɗo. Da ita muke yanke igiya da gyaran shinge, da ita ake fiɗa ranar layya.

To, mallakar irin wannan wuƙa ɗawainiya ce, kuma ga yadda ɗawainiyar take. Duk lokacin da ta taɓa jini, gishiri, lemon tsami ko tumatir, a wanke ta nan take, a goge ta ta bushe ƙayau, a shafa mata mai kaɗan. In ta aikin gona ce kawai, man keken ɗinki ya wadatar. In za ta taɓa nama, kada a kusance ta da baƙin mai ko man inji. A sa ɗan man girki, a riƙa gogewa ana sabuntawa, don yakan yi danƙo in ya daɗe. Duhun toka-toka da ke bayyana a jikinta bayan an sha aiki ba matsala ba ne, har ɗan kare ta yake yi. Jar tsatsa ita ce abokiyar gaba, kuma toka da jiƙaƙƙen tsumma ko samfefa mai laushi na fitar da ita in an yi da wuri.

Kube na ɗauka ne, ba na dogon ajiya ba. Fata na riƙe laima, musamman da damina, kuma bagaruwar da ake jima da ita na taɓa ƙarfe ta baƙanta shi. In za ta yi watanni ba a taɓa ba, a cire ta daga kube, a naɗe ta da tsumma mai ɗan mai, a kulle a inda yaro ba zai kai ba. Da hunturu kuma fatar ce ke shan wuya, ta bushe ta tsattsage, don haka a ɗan murza mata man kaɗe.

Sai washi. A nemi dutsen washi mai fuska biyu, a jiƙa shi, a kwantar da bakin wuƙar a kusurwar da ta kai digiri 20. In ba ka da ma'auni, tsai da wuƙar cak a kan dutsen, ka raba kusurwar biyu, ka sake rabawa, ka kusa isa ke nan. A yi ta gogawa a gefe guda har yatsa ya ji ɗan lanƙwasa a ɗaya gefen, a juya, sannan a ƙarasa da fuska mai laushi, a goga a bayan tsohon bel na fata. Don Allah a daina kai ta wurin mai injin gurza ƙarfe. Da bakin ya yi shuɗi zafi ya kashe taurinsa, kaifinta ba zai ƙara daɗewa ba. Kada a yi jifa da ita a jikin bishiya, kada a ɓamɓare ƙofa da ita. Dakusasshiyar wuƙa ta fi mai kaifi yanka mai ita, don sai ka danna da ƙarfi, sai ta zame. Addini ma ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa don ya sauƙaƙa wa dabba.

Yanzu ku duba duk abin da na lissafa, wanne ne ake yi a hostel? Babu gona, babu fiɗa, albasa kuma ƙaramar wuƙar kicin ta ishe ta.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba zan raina ta ba. Ƙwacen waya gaskiya ne. Waɗanda ke zaune a wajen makaranta, su tashi daga karatun dare su bi lungu mai duhu, su suka san abin da suke gani. Wanda aka taɓa tsare shi da makami aka karɓe wayar da ya yi shekara yana tara kuɗinta, ba ka isa ka ce masa tsoronsa shirme ba ne. Amma mu yi lissafi da hankali. Masu ƙwace ba sa zuwa su kaɗai, kuma ba sa sallama. Kafin ka zuge jaka ka zare kube, an riga an gama. In ma ka zare, fashin waya ya koma faɗan wuƙa tsakaninka da mutanen da suka fi ka sabo da ita. In ka yi rashin sa'a, gawa. In ka yi "sa'a", ka kashe ɗan wani, sai ofishin 'yan sanda da kotu, shekarun da ya kamata ka yi kana neman aiki ka yi su kana jiran shari'a. Akwai babbar jijiya a cinya wadda in aka yanke ta mutum na iya rasuwa cikin 'yan mintuna, kafin a samo Keke Napep. Wace waya ce ta kai wannan?

Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne, wuƙar da aka ajiye don ɓarawo ba ta cika haɗuwa da ɓarawo ba. Da mu take kwana. Ɗaki ɗaya mutum shida ko takwas, ga zafi, ga yunwa, ga jarrabawa. Mun ga yadda musun ƙwallo, bashin dubu biyu, layin famfo ko maganar budurwa ke kai mutane ga cin kwala. Yau in an yi haka sai a raba, gobe a ci abinci a kwano ɗaya. Ranar da akwai inci bakwai na ƙarfe a ƙarƙashin filo, fushin minti biyu ya isa ya rufe karatun mutum biyu, ɗaya a kabari ɗaya a kurkuku. Ko wasan banza ma ya isa, wani ya zare yana kwaikwayon fim, wani ya turo ƙofa. Hadisai sun hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa, sun kuma hana miƙa takobi tsirara. Da-na-sani ƙeya ce.

Ga kuma doka. Littafin ƙa'idojin da aka ba mu ranar rajista ya hana ajiye makami, kuma kwamitin ladabtarwa ba zai tsaya tambayar ko Ka-Bar ce ko ta maƙeri ba. A wajen geti, in jami'an tsaro suka same ta a ƙugunka da dare, kai da ɗan daba sunanku ɗaya kafin ka gama bayani. Kada a ce mu kaɗai ke da tsanani: a Ingila, fita da wuƙar da ba ta naɗewa ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba laifi ne da kan iya kai mutum ɗaurin shekara 4.

Wani zai ce ai kakanninmu da wuƙa a damtse suke yawo. Haka ne, har yau makiyayi da maharbi da mahauci ba sa rabuwa da ita. Amma kowannensu sana'arsa ce ta ɗora masa, kuma ya taso a hannun manya da suka koya masa yaushe ake zare ta. Mu a TikTok muka gani.

Tsoron da ya sa ake sayen wuƙar shi ya kamata ƙungiyar ɗalibai ta tunkara. A matsa wa hukumar makaranta ta sa fitilu masu aiki da hasken rana a hanyoyin da ke tsakanin azuzuwa da ɗakunan kwana. A zauna da masu unguwannin da ɗalibai ke haya da 'yan sintirinsu, a san lokutan da muke tashi daga karatu. A tsara tafiya rukuni-rukuni a lokacin jarrabawa, musamman saboda 'yan'uwanmu mata. Ɗaliban da darasinsu ke bukatar wuƙa, kamar na aikin gona da na girki, a ba su akwatin ajiya a sashensu, a rubuta wanda ya ɗauka da lokacin da ya mayar. Sannan a ware mako guda wanda duk mai wuƙa a ɗaki zai iya miƙa ta a ajiye masa har hutu ba tare da an hukunta shi ba, don da yawa sun saya ne kawai saboda sun ga abokai sun saya.

Mu 'yan ajin ƙarshe saura mana 'yan watanni. Iyayenmu sun sayar da hatsi da dabbobi, wasu sun ci bashi, don mu koma musu da takarda. In kana son wuƙa, wallahi ba laifi, je wurin maƙerin garinku ya yi maka mai kyau, ka ba shi haƙƙinsa, ka koyi wasa ta, ranar Babbar Sallah ka nuna wa mutanen gida abin da ka iya. In hutu ya ƙare, ka shafa mata mai ka kulle ta, ka taho makaranta da biro. Allah ya sa mu gama lafiya.