RA'AYINMU: Kaset-kaset ɗin tsofaffinmu amana ce a hannunmu

A wannan fitowa muna so mu ja hankalinku kan wata dukiya da ke kwance cikin akwatunanmu da ofisoshin ƙungiyoyinmu, tana lalacewa ba tare da mun kula ba. Wannan dukiya ita ce kaset-kaset ɗin da aka ɗauki muryoyin tsofaffinmu a ciki. Tun da kamfanin Philips ya fito da ƙaramin kaset a shekara ta 1963, rakoda ta shiga kasuwa, ta shiga ruga. Da ita aka ɗauki tarihin zuri'a, da kirarin shanu, da karatun malamai, da bayanin dattawa kan wanda ya gina rijiya kaza da inda burtali ya bi tun zamanin kakanni. Da yawa daga masu waɗannan muryoyi sun riga mu gidan gaskiya. Ga mutanen da tarihinsu bai cika shiga takarda ba, kaset shi ne kundi, wani lokaci ma shi ne shaida.

Wasu samari suna ganin kaset tsohon yayi ne, tunda ga salula da katin memori. To, su sani manyan ma'aikatun duniya ba su yar da zaren maganaɗisu ba. Tun 1951 aka fara ajiye bayanan kwamfuta a kansa a Amurka, kuma har yanzu ana yi da wani irin kaset da ake kira LTO. Na farkonsa ya fito a shekara ta 2000 yana ɗaukar gigabayit 100. Na tara, wanda ya fito a 2021, yana ɗaukar terabayit 18, wato muryar dubban awowi cikin abin da bai wuce tafin hannu ba. Cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Janiba a kansa take ajiye sakamakon bincikenta. A 2011 ma, da wata matsala ta ɓatar da wasiƙun wasu masu amfani da Gmail, daga kaset kamfanin Google ya dawo da su. Dalili a fili yake: kaset ɗin da ke kan kanta ba ya cin wuta, ɓarayin intanet ba sa kai wa gare shi, kuma ya fi arha idan bayanin mai yawa ne. Masu ƙera shi sun ce yana iya kai shekara 30 idan an adana shi da kyau.

Amma a lura da wannan sharaɗi, idan an adana shi da kyau. Zaren kaset leda ce siririya da aka shafa wa garin ƙarfe, aka manne da wani irin danƙo, kuma a cikin wannan gari murya take zaune. Danshin damina yana iya jiƙa danƙon har zaren ya riƙa mannewa, ko ya yi fumfuna. Zafin bazara yana lanƙwasa shi, ƙurar hunturu tana goge shi, maganaɗisun da ke cikin lasifika kuma yana iya ɓata abin da aka ɗauka. Manyan ɗakunan ajiya suna riƙe nasu cikin sanyi da bushewa dare da rana. Namu kuwa yana cikin akwatin ƙarfe a ɗakin kwano, inda zafi kan wuce digiri 40.

Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan, wato mutuwar injin. Kaset lafiyayye ba shi da amfani in babu rakodar da za ta karanta shi. A 2019 hukumar UNESCO tare da ƙungiyar masu ajiyar sauti da hoto ta duniya, IASA, sun yi gargaɗi cewa wajen 2025 samun injinan karanta tsofaffin kaset da kayan gyaransu zai gagara. Wannan wa'adi ya riga ya cika. Duk wanda ya zaga kasuwa neman mai gyaran rakoda ya san gaskiyar maganar. Shi kansa LTO bai tsira ba, domin kuwa injin na tara ba ya karanta kaset ɗin da ya girmi na takwas. Shi ya sa ma'aikatun da ke amfani da shi suke kwafe bayanansu zuwa sabo bayan ƴan shekaru. Ashe tsaro da kwafa su ne ajiya, ba zaren kawai ba.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A 2009 hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta bayyana cewa ga dukkan alamu an goge ainihin kaset-kaset ɗin saukar mutum kan wata na 1969, an sake ɗaukar wani abu a kansu. A nan Afirka ta Yamma, yaƙin da aka yi a Gini Bisau a 1998 ya lalata ɗakin ajiyar cibiyar binciken ƙasar, har da kaset-kaset na tarihin baka na gwagwarmayar neman ƴanci. In masu kuɗi da masu ilimi sun yi irin wannan hasara, ina ga mu? Sai dai akwai abin ƙarfafa gwiwa: a Gini Konakiri, tsakanin 2008 da 2013, an kwafe waƙoƙi sama da 9,000 daga tsofaffin faya-fayan zare na gidan rediyon ƙasar, da taimakon Laburaren Birtaniya. Ke nan abin mai yiwuwa ne.

Saboda haka muke kira ga rassan ƙungiyoyi da magidanta su fara da abin da ba ya cin kuɗi. A tattara kaset-kaset, a ƙirga su, a ba kowane lamba. A cire ƴan haƙoran da ke samansa domin kada wani ya ɗauki waƙa a kan muryar kakansa. A jera su a tsaye cikin gidajensu, a ɗaki mafi sanyi, nesa da ƙasa da lasifika. Wanda ya manne ko ya yi fumfuna kar a kuskura a saka shi cikin rakoda, a bar wa ƙwararru. Abu mafi gaggawa kuma, a zauna da dattawan da suka rage, su faɗi wane ne ke magana, a ina, a wace shekara, a rubuta cikin littafi. Muryar da ba a san mai ita ba ta rasa rabin darajarta, ba ta kuma zama hujja a gaban alƙali ko sarki.

Bayan haka sai kwafa zuwa kwamfuta da rakoda mai lafiya, a tsarin WAV wanda ba ya rage sauti. A yi kwafi uku, a ajiye ɗaya a wani gari dabam. Kar a dogara da salula kaɗai, domin tana faɗawa rijiya, ana sace ta. Kar kuma a yar da kaset na asali bayan an kwafa.

Injin LTO ya fi ƙarfin aljihun ƙaramar ƙungiya. Don haka muna roƙon cibiyoyin da aka kafa domin wannan aiki, irin su CELHTO ta Yamai da ke tattara tarihin baka tun 1968, da jami'o'i da gidajen rediyo, su karɓi kwafi su adana, bisa yarjejeniya a rubuce cewa muryoyin mallakin iyalan masu su ne, kuma ba za a hana su saurare ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace damina da ta wuce tana tafiya da wasu kaset, kowace shekara kuma tana tafiya da wasu dattawan da za su gane muryoyin. Mu fara kafin ruwan bana ya sauka. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amanarsu, amin.